Harsashin da Na Zaɓar wa Mijin Yayata

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, shi ya sa na bar shi a gida. Abin da nake so ku sani shi ne ni ɗan maƙera ne, haifaffen Talata Mafara, kuma kafin in ɓata ba a taɓa nuna ƙofar gidanmu da yatsa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, garma da hauya da lauje yake ƙerawa, wani lokaci mafarauta su kawo masa bindigar toka ya gyara. Ranar Talata tun da hantsi manoma ke cika rumfarmu, daga Jangebe, daga Garbadu, har daga Bakura.

Akwai wani baƙin dutse a bakin maƙerarmu. Baba ba ya miƙa wa mutum hauya sai ya ɗaga ta ya sara a kan dutsen nan sau uku, a gaban mai saye. In ta lanƙwashe ko ta tsage sai ya mayar da ita wuta, ko da mai sayen ya ce ya yarda a haka. Ni kuwa abin haushi yake ba ni, ina ganin ɓata lokaci ne da ɓata kaya. Na taɓa yi masa magana, ya dube ni ya ce, "In za ta karye, ta karye hannuna. Kar ta karye gonar mutum ranar da ruwa ya sauka." Bai ƙara ba, ya koma kan aikinsa.

Ban gaji haƙurin Baba a bakin wuta ba. Abin da na iya shi ne goge. Kawo mini tasar tagulla wadda ta yi baƙi ƙirin tun zamanin kakarka, in jiƙa tsamiya, in samo toka mai laushi da tsumma, kafin azahar ka ga fuskarka a ciki. Matan unguwa sun san ni da wannan, warwaro da tasoshi da butoci duk wurina ake kawowa. Baba yakan girgiza kai ya ce hannuna ƙyalli yake so, ba ya son wuta. A lokacin na ɗauka yabo ne.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, yayata Hajara ita ta goya ni, ita ta yi mini wanka, ita ta raka ni makarantar allo ranar farko. Da ta girma ta auri wani ɗan sanda mutumin Bakura, sunansa Sanusi. Mutum ne dogo, mai dariya, ba ka sanin ɗan sanda ne sai ya sa kaki. Tsakanina da shi wasan ƙanen mata ne da mijin ya. Ina ce masa Yallaɓai Mai Ƙaton Takalmi, shi kuma ya ce mini Sarkin Goge. Duk zuwan da zai yi Mafara sai ya biyo da tsire a takarda, ya zauna a kan turmin da ke rumfarmu mu ci tare. Wallahi ina ƙaunarsa, kada ku ji abin da zai zo gaba ku ɗauka ƙiyayya ce.

Bayan rasuwar Baba maƙera ta dawo hannuna, a daidai lokacin da zaman lafiya ya fara ƙaranci a ƙasarmu. Ba sai na ba ku labari ba, kun san yadda hanyoyi da gonaki suka koma. Tsoro ya shiga mutane. 'Yan kasuwa masu bin ƙauyuka, direbobi, manoma masu ɗan abin hannu, kowa ya shiga neman abin kare kai a ɓoye. Wasu suka samo ƙananan bindigogi ta hanyoyin da Allah kaɗai ya sani. To, bindiga ba harsashi ai ƙarfe ce kawai, don haka aka shiga neman harsashi ido rufe.

A nan ne Bawa ya shigo rayuwata. Ɗan gwangwan ne, yana sayen tsofaffin ƙarafa, mun saba da shi don yakan kawo mana sifirin mota mu ƙera lauje. Wata rana ya zo da wani ƙullin leda, ya ja ni bayan rumfa ya kwance. Harsasan ƙaramar bindiga ne, amma sun yi kore shar, sun yi dauɗa, har da ƙasa manne a jikinsu. Da gani ka san a rami suka kwana, damina ba ɗaya ba. Ya ce, "Kai dai goge an naka. Ba kai ka kawo ba, ba kai ka saidawa ba. Mi ar ruwanka?" Na ce a raina haka ne, ai tagulla tagulla ce, da ta tasa da ta harsashi. Na karɓa.

Yadda nake yi wa tasa haka na yi musu. Na tsoma su a ruwan tsamiya suka jiƙu, na dirje da toka, na goge da tsumma, na shanya a rana. Kai, in ka gan su sai ka rantse yau suka fito daga masana'anta. Bawa ya ɗaga ɗaya yana juyawa yana dariya, ya ce ashe akwai gwani a Mafara ba a sani ba. Abin da ya ba ni a kan wannan ƙullin ya fi abin da nake samu a sati guda ina gumi a gaban zuga-zugi. Ranar na ci kaza ni kaɗai.

Sai dai ni ɗan maƙeri ne, na taso ina ganin yadda mafarauta ke kaffa-kaffa da albarushi kada raɓa ta taɓa shi. Na san ruwa da albarushi ba sa ga maciji. Abin da ya yi shekaru a cikin ƙasa mai laima, sannan ni da hannuna na ƙara tsoma shi a ruwa, yaya za a yi ya tashi? Na matsa wa Bawa har muka shiga daji wata rana da rana tsaka, can bayan dam, muka gwada guda goma. Biyu suka tashi. Sauran takwas ɗin, ƙas, ƙas, kamar ana danna biro. Na dubi Bawa. Shi ko a jikinsa. Ya ce, "Wa ka gwaji? Mai saye ba shi gwadawa. Na ɗaya, kowane guda tsada gare shi, ba shi son ɓarnatarwa. Na biyu, in ya harba gari ya ji, hukuma ta ji. Ajiyewa zai yi ƙarƙashin matashi, shi yi barci da daɗi. Barci muka saida musu, ɗan maƙera."

Wannan ita ce ranar da ya kamata in juya. Ba zan ce muku ban sani ba, na sani sarai, da idona na gani. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na koma gida na ci gaba da jiƙa tsamiya.

Ba a jima ba na wuce goge, na fara sayarwa da kaina. Mutane su zo kamar masu sayen hauya, mu zagaya baya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda suke zaɓe. Mutum zai tsuguna ya baza harsasan a kan tsumma kamar mai zaɓen goro. Ya ɗaga wannan a rana ya ga ƙyallinsa, ya auna wancan a tafin hannu, wani har ya kai kunne ya girgiza, wai yana jin ko cike yake. Wanda ya fi sheƙi shi ake rububi. Akwai wani dattijo daga wajen Garbadu, mai 'ya'ya mata biyar a gida, da ya gama zaɓe ya riƙe hannuna ya yi ta sa mini albarka, ya ce na taimaki bayin Allah. Na ce amin. Tir da ni, amin fa na ce.

Magana ba ta ɓuya a Mafara. Wata Talata Yaya Sanusi ya zo, lokacin ya kai sajan, yana aiki a wajen Maradun. Ya zauna a kan turmi kamar kullum, amma bai buɗe tsiren ba. Ya ce, "Sarkin Goge, mi nake ji game da kai?" Na rantse, na yi ta kumfar baki, na ce mahassada ne. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ban zo kama ka ba, na zo in hwaɗa maka ne. Harsashi ba goro ba ne. Mu a wurin aiki ba a zaɓensa da ido. A akwati yake zuwa a rufe, an san inda aka yi shi, an san bindigar da ya dace da ita, an ajiye shi inda laima ba ta kaiwa. A ɗebi wasu a harba a filin horo a tabbatar suna tashi. Wanda ya tsufa a janye shi. Sannan a ƙirga a ba ka, ka sa hannu, in ka dawo a sake ƙirgawa. Duk wanga wahala don daƙiƙa guda ake yin ta, daƙiƙar da mutum zai danna, rayuwarsa na rataye." Ya ce in daina, ko don darajar Baba. Na ce masa na ji. Da ya tafi na yi tsaki, na ce mai albashi ai dole ya iya wa'azi.

Abin da Yaya Sanusi ya sani shi ne ina sayar da harsashi ba bisa ƙa'ida ba. Bai san matattu nake sayarwa ba. Ku riƙe wannan.

Da damina ta yi nisa, wata rana bayan la'asar, sai ga shi ya shigo rumfa cikin farar jallabiya, ba kaki, ba tsire, ba dariya. Muka gaisa, na tambayi Yaya Hajara da yara, ya ce lahiya lau, ya tambayi aiki, na ce da godiya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Sun fita aiki wani ƙauye, a dawowa suka tarar da rafi ya kawo, babur ya kwashe su a tsakiyar ruwa. Bindigarsa ta tsira, amma gidan harsashi na biyu da ke ɗamararsa ya suɓuce, ruwa ya tafi da shi da harsashi takwas a ciki. Gidan ya samo wani, harsasan ne babu. Jibi za a ƙirga. In ƙirge bai cika ba za a tsare shi, a yi bincike, a rubuta a fayil ɗinsa, ga shi kuma sunansa yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma. A irin wannan lokaci ɗan sandan da harsashinsa ya ɓace, kowa zai ce sayar wa 'yan daji ya yi.

Ya ce, "Na san ni na hana ka. Yau ga ni na zo da ƙafata."

Kun san abin da na fara ji? Daɗi. Wallahi daɗi na ji. Na ce a zuciyata, yau ga mai wa'azi a hannuna, daga yau bakinsa ya rufu. Na shiga ciki na ɗauko tsumman, na baza a gabansa. Ya tsuguna yana kallo, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce, "Shekara sama da goma ina riƙe da bindiga, ban taɓa zaɓen harsashi ba, ba ni ake yi. Ban iya ba. Kai ka san kayanka, ƙanena. Zaɓar mini masu kyau."

Ƙanena ya ce. Bai taɓa kirana haka ba, kullum Sarkin Goge ne.

Maganar tana bakina, har na buɗe. Kalma nawa ce? Yaya, ba su tashi. Shi ke nan. Amma na yi lissafi a tsaye. In na faɗa, zai gane ba doka kaɗai nake karyawa ba, mutanen da ke tsare gidajensu nake sayar wa mutuwa, kuma na san Sanusi, wannan ba zai haɗiye ta ba ko da aikinsa zai tafi. Sai na lallashi kaina. Na ce ai ƙirge kawai yake son cikawa, ba harbawa zai yi ba. Na ce in an kwana biyu zan nemo masu rai in musanya masa da dabara. Na tsuguna na tsamo guda takwas, waɗanda suka fi kowanne sheƙi, na ƙara goge su da bakin rigata na zuba masa a hannu. Ya ce Allah ya rufa mini asiri kamar yadda na rufa masa. Ya miƙo kuɗi na ƙi karɓa, har ina jin kaina mai kirki.

Aka ƙirga, ƙirge ya cika. Ni kuwa maganar musanyawa ta bi ruwa, yau ne gobe ne har na daina tunawa. Abin da ban yi tunani ba shi ne Sanusi mutum ne kamar kowa. Da ya ga nawa sun fi nasa na ofis haske, sai ya ɗauka su ne sababbi, ya sa su a bindiga, ya mayar da masu ran ajiya a ɗamara. Mai kyau ai shi ake sawa a gaba.

Sati uku bayan haka, da hantsi, yana cikin motar haya daga garin Kaya zuwa Maradun, an aike shi da takardu. A wata kwana mutum biyu da bindigogi suka tare hanya. Direban ya ba ni labari daga baya. Ya ce Sajan yana kujerar gaba, ya riga su gani, ya riga su ɗaga hannu, bindigarsa tana saitin na gaba tun kafin wancan ya juyo. Ya danna, ƙas. Ya ja ya fitar da wannan, ya sake dannawa, ƙas. Direban ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin ƙara mai ban tsoro kamar wannan 'yar ƙaramar ƙara ba. Kafin na uku sun harbe shi a kwankwaso. Suka kwashe abin da suka kwasa, suka shiga daji da fasinja biyu.

Ina cikin goge wata tasa aka kira ni.

Bai mutu ba. An wuce da shi asibiti a Sakkwato, likitoci suka ce rai ya tsira amma ƙafafu sun tafi, harsashin ya taɓa lakka. Na je dubiya da ledar lemo a hannu. Yaya Hajara ta tarbe ni a bakin ɗaki tana kuka, ta rungume ni, tana cewa Allah ya yi mini albarka da na zo da wuri, ba ta da kowa sai ni. Na shiga, na ce, "Yaya Sanusi, sannu. Ya jiki?" Ya dube ni, kallo ɗaya, ya juya fuskarsa bango. Ita ta ɗauka zafin ciwo ne, har tana ba ni haƙuri.

Da zai yi shiru, da ya tsira da haƙƙoƙinsa na aiki, a ce masa jarumin da bindiga ta ci amana. Amma da manyansa suka zo, ya ce a rufe ƙofa, ya faɗa musu komai, tun daga rafi har rumfata. Ya ce akwai mutane a ƙauyuka da suke kwana da irin waɗannan harsasai suna ganin suna da kariya, ba zai iya yin shiru a kansu ba. Gaskiyar nan ta ci aikinsa, an sallame shi. Ni kuma kwana biyu tsakani aka zo aka ɗauke ni, da tsumman, da kwanon tsamiyar. Bawa ya ji ƙishin-ƙishin ya tsere, har yau ban san inda yake ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

A kotu an ɗaga harsasai biyun da suka ƙi tashi, a cikin 'yar leda. Kowanne da ɗan tabo a gindinsa inda bindiga ta buga. Daga inda nake tsaye ina hango su suna ƙyalli, wata biyar bayan gogewa ko dusashewa ba su yi ba. Alƙali ya tambaye ni ko na san ba sa tashi lokacin da na ba shi. Lauya ya riga ya ce mini in ce ban sani ba. Na waiga na ga Yaya Hajara a kujerar baya, sai na kasa. Na ce na sani. Ta tashi ta fita, ban sake ganinta ba sai bayan shekara bakwai.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai yunwa, akwai ƙwarƙwata, akwai zafin da ke sa mutum ya manta sunansa, duk wanda ya ce muku wurin zama ne ƙarya yake. Amma ba waɗannan suka fi damuna ba. Dattijon Garbadu ne yake zuwar mini, da sauran fuskokin da na zaɓar wa. Hukuma ta bi waɗanda na iya tunawa ta karɓe, amma nawa ne ban san sunansu ba? Akwai wani malami da ke zuwa yana karantar da mu ranar Alhamis. Na tambaye shi ko Allah zai yafe mini. Ya ce ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai an je wurin masu shi. Ya ce, "Istigfari da baki ba shi da wuya. Tsayuwa gaban wanda ka cuta, ita ce aikin."

Da aka sake ni na kwana biyu a Mafara. Maƙera ta rushe, an sace uwar maƙera da muke dukan ƙarfe a kai, baƙin dutsen nan ne kaɗai ba wanda ya ɗauka don nauyi. Rana ta uku na hau mota zuwa Bakura, inda suka koma gidan iyayensa. Na same shi a ƙofar gida a ƙarƙashin dalbejiya, a kan keken guragu irin mai feda a hannu, da tire a gabansa yana sayar da irin albasa da na tumatir ga masu noman rani. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Na yi sallama, na tsuguna nesa da shi. Ya amsa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar baƙi, ya gajiya, ya hanya, ya mutanen Mafara.

Da gaisuwa ta ƙare, shi ya fara. Ya ce, "An ce ka hwaɗa a kotu, amma ina son in ji da kunnena. Ranar da na ce ka zaɓar mini, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni ma ina da nawa laifi, ni na kawo kaina, tsoron takarda ya sa na bar hanyar da na sani. Amma da ka ce mini ba su tashi, da na tahi na hwaɗi gaskiya a ofis. Su tsare ni sati guda, su hana ni girma, in hito da ƙafafuna." Bai ɗaga murya ba. Na so ya zage ni, na so ya jefe ni da tiren nan, da ya fi mini sauƙi. Na kifa kai ina kuka kamar yaro, ina cewa ya yafe mini.

Yaya Hajara ta leƙo daga zaure ta gan ni. Ta koma, ta dawo da kwanon ruwa ta ajiye a gabana, ta sake komawa. Na sha.

Can sai Yaya Sanusi ya ce, "Har yanzu ka iya riƙe guduma, ko goge kaɗai ka sani?" Ya nuna mini ƙarƙashin keken. Ƙarfen da ke riƙe da tayar hagu ya tsage, an ɗaure da waya, wata biyu ke nan ba ya iya zuwa masallaci da shi. Aka sauke shi a kan tabarma. Na tura keken zuwa wurin wani maƙeri a bakin kasuwa, na roƙi aron wuta. Na cire ƙarfen, na ƙera sabo daga sifirin mota, na yi aikin da ban taɓa yi da zuciya ɗaya ba tun Baba yana raye. Bai yi kyan gani ba, baƙi ne, duk sawun guduma. Na turo keken na kawo, na ce, "Yaya, ga shi, an gama. Bari in ɗora ka."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ka gwada?"

Na ce ban gwada ba.

Ya ce, "Hau."

Mutane sun fara taruwa don sallar la'asar, da yawa sun san ko ni wane ne. Na hau keken, na naɗe ƙafafuna inda yake ajiye nasa, na kama fedar da hannu. Ya ce in bi ta kan duwatsun bakin kwata, in je har ƙofar masallaci in dawo. Ban taɓa sanin tazarar nan tana da nisa ba. Kafaɗuna suka ɗau zafi, taya ta faɗa rami na yi ta fama ni kaɗai, ina ganin mutane daga ƙasa, daidai gwiwarsu, inda yake ganinsu shekara bakwai. Da na dawo ya ce in sake. Sau uku na yi, kamar saran Baba a kan dutse. Ƙarfen bai motsa ba.

Sannan ya ce, "To, yanzu ɗora ni." Na ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, na zaunar da shi. Ya gyara hularsa ya ce, "Na yahe maka nawa, ƙanena. Na sauran mutane ba ni da iko da shi." Ya juya fedarsa ya nufi masallaci, na bi shi a baya a ƙafa.

Yanzu na sake tayar da maƙera a Mafara. Hauya da lauje nake yi, kuma ba ta barin hannuna sai ta sha dutse sau uku. Masu saye suna ƙorafi wai kayana ba sa haske kamar na wasu. Na daina goge, ko tasar gidana matata ke wankewa. Na je Garbadu neman dattijon nan, aka ce ya rasu, ciwon ajali ne, a kan shimfiɗarsa. Na yi hamdala, amma na san ba dabarata ce ta tsare shi ba. Har gobe in na ji an tare wani a hanya sai in tambaya a hankali ko yana da bindiga, ko ta tashi.

Ku matasa, ga abin da zan ce muku. Ban fara da niyyar nakasa kowa ba, da tsumma da tsamiya na fara, da "ba ruwanka, kai dai goge ne naka". Duk wanda ya kawo muku aikin da sai an zagaya bayan rumfa, ku ce masa ya ƙara gaba. Kada ku sayi makami ko harsashi a bayan fage kuna cewa kariya ce, ku tambaye ni, ni na san abin da ake zuba muku a hannu. In kun yi kuskure a wurin aiki, ku faɗa tun yana ƙarami, ku sha hukuncinsa, ya fi ku rufe shi da wani. Kuma in mutum ya dube ku ya ce ku zaɓar masa don ya yarda da ku, alhali kun san abin ba shi da kyau, ku buɗe baki ku faɗa, ko da za ku rasa komai a wannan rana. Ni kalma huɗu na riƙe a bakina. Mijin yayata yana nan Bakura a ƙarƙashin dalbejiya, duk ranar Juma'a nakan je in duba masa tayoyi.